Dokar gwaji kafin aure ta manta da yaron da aka riga aka haifa da sikila

A watan Mayun 2024 Gwamnan Kano, Abba Kabir Yusuf, ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure. Abin da aka sanar shi ne, ba za a ƙara ɗaura aure a jihar ba sai an gabatar da takardar gwajin jinotaif, da na ciwon hanta nau'in B da C, da na ƙanjamau. Wanda ya saɓa, tara ce da za ta iya kaiwa naira 500,000, ko ɗaurin shekara biyar, ko a haɗa masa duka biyun. Cikin manyan dalilan da aka bayar akwai rage haihuwar yara masu sikila, wato amosanin jini. An yaba, kuma akwai abin yabo. Duk wanda ya taɓa jin kukan yaron da ciwon ƙashi ya tasar wa cikin dare ba zai yi faɗa da gwaji ba.

To amma mu ɗauki dokar mu fita da ita daga birni. Mu bi titin Haɗeja mu wuce Jogana, mu shiga Gezawa, mu ratsa ta Tsamiya Babba da Tumbau da Wangara, inda gona ke manne da gona, ƙauye ke hango ƙauye. Me wannan takarda za ta yi wa gidan da sikila ta riga ta shiga? A ganina, kusan babu. Abin da ya fi ci mini rai kuma shi ne, wani babban ɓangare na ilimin da zai ceci waɗannan yara a nan Kano aka samar da shi.

Bari mu fara da yadda abin yake a jini, don daga nan rikicin cikin gida yake tasowa. A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai sinadarin da ake kira himogulobin, shi ke ɗauko iskar oksijin daga huhu ya rarraba wa jiki. Kowa yana gadon umarnin ƙera shi sau biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wanda aka saba da shi shi ne A. Nau'in S ya bambanta da A a tubali ɗaya tak cikin jerin tubala 146, amma wannan ɗan bambancin ya isa. Da zarar oksijin ya yi ƙasa, sai S ya manne da juna ya sandare, ƙwayar jinin ta lanƙwashe kamar lauje, ta yi tauri, ta toshe ƙananan hanyoyin jini. Ƙwayar jini mai lafiya tana kai kwana 120, ta mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 ta mutu. Shi ya sa kullum jini bai isa ba, ido ya yi ruwan ɗorawa a ce shawara ce, ƙashi ya riƙa ciwo a ce sanyi ne.

Mai AS lafiyarsa lau, yana noma yana dako, ba zai san yana ɗauke da komai ba in ba a gwada shi ba. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. A lura, kowane ciki lissafinsa daban. Ba rabo ba ne da za a ce an haifi ɗaya mai sikila, sauran ukun sun tsira. Ana iya jera uku masu SS, ana iya haifar bakwai ba ko ɗaya.

Yanzu sa wannan lissafi a gidan mai mata biyu. Maigida AS ne bai sani ba. Uwargida AA ce, don haka 'ya'yanta ba wanda zai yi sikila. Amarya AS ce, sai ga 'ya'yanta suna kumburin hannu da ƙafa tun suna wata shida, wasu su rasu kafin yaye. Me dangin miji za su ce? Ai a fili yake, ga 'ya'yan waccan nan ƙalau, matsalar daga wannan ce. A kira ta mai wabi, a ce nononta ne ba kyau, a ce iska ce ke bin ta. Alhali yaro ba ya zama SS sai uba ya ba da S ɗinsa kamar yadda uwa ta bayar. Wabi yana da dalilai da yawa, zazzaɓin cizon sauro da tamowa da gudawa duk suna ciki, amma sikilar da ba a taɓa gwadawa ba tana daga cikinsu.

Me ya sa abin ya yi yawa a ƙasarmu? Sauro. Tun 1954 Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa masu AS sun fi tsira daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, don haka a inda sauro ya yi katutu S ya yi ta yaɗuwa daga kaka zuwa jika. Kuma ba sai mun ari alƙaluman wata ƙasa ba. A shekarun 1970 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun yi wani babban bincike kan cizon sauro a ƙauyukan Garki, arewa maso gabas da Kano, lokacin yana cikin Jihar Kano, yanzu yana Jigawa. A rahoton da Alan Fleming da abokan aikinsa suka fitar a 1979, kimanin jarirai 2 cikin 100 aka samu da SS, amma a 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu adadin ya faɗo ƙasa da 1 cikin 200. Ba warkewa suka yi ba, sikila ba ta fita daga jini. Rasuwa suka yi. Shekara arba'in bayan haka, Farfesa Obiageli Nnodu ta Jami'ar Abuja da tawagarta suka yi amfani da binciken lafiya na ƙasa na 2018, suka ƙiyasta cewa cikin yara 1,000 da aka haifa da sikila a Najeriya kimanin 490 ba sa kai shekara biyar, ninki huɗu na sauran yara. Kusan rabi ke nan. Wannan shi ne girman abin da dokar ta zo ta tarar.

Matsala ta farko da dokar ita ce lokaci, kuma lissafi ne mai sauƙi. Doka tana tsaye ne a ƙofar sabon aure. Yarinyar da aka yi wa aure a Babawa a 2020 tana da shekara goma sha takwas za ta iya haihuwa har bayan 2040, kuma ba wanda zai tambaye ta takarda. Ko da a ce daga ranar da aka sa hannu ba a ƙara haɗa AS da AS ba ko sau ɗaya, wanda ba zai yiwu ba, auren da aka riga aka ɗaura za su ci gaba da kawo jarirai masu SS na shekara ashirin masu zuwa.

Sai kuma a wane mataki na neman aure ake gwajin. Wanda ya san yadda ake aure a karkarar Kano ya san ɗaurin aure shi ne ƙarshen doguwar hanya: an kai gaisuwa, an sa rana, an haɗa lefe, uban yarinya ya sayar da gyaɗa ko tunkiya ya yi kayan ɗaki. Sau da yawa auren zumunci ne, ɗan wa da 'yar ƙani, wanda shi kansa yana ƙara yiwuwar su biyun su ɗauko S daga kaka ɗaya. Idan takardar da ake nema ta ranar ɗaurin aure ce, to mako ɗaya ko biyu kafin ranar za a je gwaji. A wannan gaɓar, faɗa wa gida biyu su fasa daidai yake da ce musu su raba zumunci, su kuma yi asarar abin da suka tara. Mutane za su nemi mafita, kuma inda aka ɗora tara mai nauyi a kan takarda, mafita mafi sauƙi ita ce takardar da ba ta faɗi gaskiya ba.

Saudiyya ta riga mu bin wannan hanya. Ta wajabta gwajin sikila kafin aure a 2004. Binciken farko ya nuna kusan 9 cikin 10 na ma'auratan da aka gaya wa suna cikin haɗari sun yi aurensu duk da haka. Zuwa 2009 masu fasawa da kansu sun haura rabi. Darasin bai ce gwaji banza ne ba, ya nuna cewa a ƙasar da ke da kuɗi da dakunan gwaji da masu zama su yi wa mutane bayani, sai da aka ɗauki shekaru kafin takardar ta fara canza shawara. Da za a bi ta tawa, a makarantar sakandare da Islamiyya ya kamata a yi gwajin nan, tun kafin zuciya ta kamu, tun kafin goro ya shiga tsakani.

Akwai kuma ingancin gwajin kansa, wanda ba a cika magana a kai ba. Mutane da yawa suna rikita rukunin jini, wato A da B da O, da jinotaif, alhali ba abin da ya haɗa su. Akwai gwaji mai arha da ke nuna kawai akwai S a jini, ba ya bambance AS da SS. Wanda aka ƙara wa jini cikin wata uku da suka wuce, sakamakonsa na iya fitowa ba daidai ba, domin jinin wani ake aunawa tare da nasa. Har gwajin da aka saba yi da wutar lantarki yana buƙatar kayan aiki masu kyau da ma'aikacin da ya ƙware wajen karantawa. Dokar da ta tanadi ɗauri kan rashin takarda ya kamata ta fi kowa damuwa da wanda ke buga takardar.

Duk wannan ƙananan ƙorafi ne idan aka kwatanta da babban giɓin. Yaron da aka haifa jiya a Ketawa da SS, me ke jiransa?

Wata huɗu zuwa shida na farko ba za a ga komai ba, domin jariri yana fitowa da wani himogulobin na cikin mahaifa, ana ce masa F, wanda ba ya lanƙwashewa. Yayin da F ke raguwa S ke karɓar wuri. A wannan ɗan tsakanin ne ya kamata a san yaron, domin abin da ya fi kashe ƙananan masu sikila ba ciwon ƙashin da kowa ya sani ba ne. Cutar tana lalata saifa tun da wuri, ita kuwa saifa ita ce matatar da ke kama ƙwayoyin cutar da ke kawo namoniya da sanƙarau da gubar jini. Yaro ya tashi da zazzaɓi da safe, a ba shi farasitamol daga kemis, kafin wayewar gari ya tafi. Tun 1986 wani bincike a Amurka ya nuna cewa ba irin waɗannan yara fenisilin sau biyu a rana yana rage wannan mummunan kamuwa da kashi 84 cikin 100. Fenisilin fa, maganin da ya girmi kakanninmu a kanti. Haɗa shi da cikakken rigakafi, da gidan sauro, da uwa da aka koya wa taɓa gefen hagu na cikin ɗanta ta gane in saifa ta kumbura farat ɗaya, da sanin cewa zafin jiki da ya kai 38.5 a wannan yaron na asibiti ne a ranar, ba na jira a ga gobe ba. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da zai yiwu in ba a san yaron yana da sikila ba.

Kuma sanin ya yi sauƙi yanzu. Akwai 'yan kayan gwaji irin su HemoTypeSC da Sickle SCAN, ɗigon jini ɗaya daga dunduniya ko yatsa, cikin mintuna a ga sakamako, ba wuta ba na'ura, kamar dai gwajin cizon sauro da kowane asibitin sha-ka-tafi ya saba da shi. Tawagar Farfesa Nnodu ta gwada haɗa wannan da ranar rigakafin jarirai a ƙananan asibitocin Gwagwalada, aka gwada jarirai sama da 3,000, aka wallafa a 2020 cewa abin yana yiwuwa. Gwamnatin tarayya ta taɓa ware cibiyoyi shida na gwajin jarirai, ɗaya a kowace shiyya, ta Arewa maso Yamma tana Birnin Kebbi. Mai karatu ya auna nisan Birnin Kebbi da Gezawa, ya kuma auna nisan uwa da wurin da take kai jaririnta allurar wata ɗaya da rabi.

Sai mu zo kan abin da Kano ta ba duniya. Idan ba a yi rigakafi ba, kimanin 11 cikin 100 na masu SS suna samun shanyewar ɓarin jiki kafin su kai shekara ashirin, kuma ya fi faruwa tun suna ƙanana. Yaro ɗan shekara shida ya kwanta ƙalau, ya tashi baki ya karkace, hannu da ƙafa ba sa motsi. A ƙauye me za a ce in ba iska ba? Alhali jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa ce ta ƙuntace a hankali har ta toshe. Ana iya ganin ƙuncin tun kafin ya yi ɓarna, da wata na'ura da ake kira TCD, 'yar uwar sikanin da ake yi wa masu juna biyu. Ana ɗora ta a gefen kai kusa da kunne, tana auna gudun jini. Kamar ruwan tiyo ne, in ka matse bakinsa sai ya ƙara gudu. In gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yaron yana da kusan kashi 10 cikin 100 na samun shanyewa a kowace shekara. Binciken STOP na 1998 a Amurka ya nuna ƙarin jini duk wata yana rage wannan haɗari da kimanin kashi 90 cikin 100.

Ƙarin jini duk wata, shekara da shekaru, ga manomin Gezawa? Ko a birni ma wuya. Wannan ce tambayar da likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, irin su Najibah Galadanci da Shehu Umar Abdullahi, tare da Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, suka ɗauka. Sun gwada ƙwayar haidiroksiyuriya, wadda ke sa jiki ya koma ƙera himogulobin F ɗin nan na jarirai. A binciken SPRING, da aka yi a Kano da Kaduna aka wallafa a mujallar Lancet Haematology a 2022, an ɗauki yara 220 'yan shekara 5 zuwa 12 waɗanda TCD ta nuna suna cikin haɗari. Rabi aka ba su miligiram 10 a kowane kilo na nauyinsu kullum, rabi aka ba su 20. Duka-duka takwas ne suka samu shanyewa, wato tsakanin 1 zuwa 2 cikin 100 a shekara maimakon kusan 10, kuma ƙaramin awon bai gaza babban ba ta wannan fuska. Gaskiya ne ba a bar wasu yara ba magani don kwatanci ba, hakan ba zai halatta ba, don haka da alƙaluman STOP ake kwatantawa. Duk da haka tazarar ta yi girman da ba za a kau da kai ba. Wani binciken, REACH, da aka yi a Angola da Kongo da Kenya da Yuganda aka fitar a 2019, ya nuna maganin yana rage tashin ciwo, da ƙarin jini, da zazzaɓin cizon sauro, da mutuwa. Ana ma sarrafa shi a nan Najeriya. (Gargaɗi ɗaya: ba maganin da za a saya a kemis a fara ba yaro ba ne. Likita ke auna shi da nauyin yaro, kuma sai ana duba jini lokaci-lokaci.)

To ga abin da nake nufi da giɓi. Asibitocin da aka yi wannan aiki duk manya ne na cikin birni. Uwa daga Mesar Tudu, kafin ta kai ɗanta ga TCD, sai wani ya fara gaya mata yana da sikila, sai maigida ya yarda, sai an samu kuɗin mota na mutum biyu, sai an bar aikin gona ko na kasuwa yini guda, kuma a maimaita duk shekara ga yaron da a ido lafiyarsa ƙalau. Abin da dokar Mayun 2024 ta sa a gaba shi ne hukunci a kan takardar aure. Ina wajabcin da gwamnati ta ɗora wa kanta, na gwada kowane jariri, na ajiye fenisilin da folik asid a ƙaramin asibiti, na kai na'urar TCD ƙaramar hukuma ko da sau ɗaya a wata? Nauyin duk an ɗora wa talaka da limamin da zai ɗaura aure.

Kada a ce ba hanya. Ƙaramar hukumar Gezawa tana da mutum sama da 280,000 tun a ƙidayar 2006, kuma ba gidan da masu ɗigon foliyo ba su ƙwanƙwasa ba a shekarun da aka yi ana yaƙi da shan inna, har Kano ta ga ƙarshen nau'in daji na cutar a 2014. Kowace damina ana bi gida-gida ana raba wa 'yan ƙasa da shekara biyar maganin kariya daga cizon sauro. Ƙafar da ke kai waɗannan za ta iya kai ɗigon gwajin sikila.

Akwai yaran da suka tsallake shekara biyar, su ma ba a ambace su ba. Wanda shanyewa ta riga ta taɓa yana buƙatar gashi da motsa jiki da maganin hana maimaituwa, domin in ta zo sau ɗaya tana yawan dawowa. Akwai kuma wata shanyewar ta ɓoye, ƙananan tabo a ƙwaƙwalwa da ba sa karkata baki, waɗanda bincike ya samu a kusan ɗaya cikin uku na yara masu SS. Alamarsu ita ce yaro ya riƙa mantuwa, hadda ta ƙi zama, lissafi ya gagare shi. A makarantar allo ko firamare sai a ce daƙiƙi ne ko malalaci, a sa bulala. Malamin da ya san yaron yana da sikila zai bar shi ya sha ruwa a aji ya fita fitsari ba sai ya roƙa ba, ba zai tsayar da shi a rana ba, zai bar shi da rigar sanyi da hunturu, zai kuma gane cewa makon da bai zo ba yana kwance ne. Wannan ba ya cin ko kwabo, amma sai an gaya wa malamin.

An ce dokar ta hana tsangwamar masu sikila, kuma wannan sashe ya yi kyau. Sai dai saƙon da ke yawo a rediyo da WhatsApp tun daga lokacin ya fi karkata ga "a guji haifar masu sikila", kuma yaro ɗan shekara goma mai SS yana zaune kusa da rediyon yana ji. Budurwa mai AS kuma a fara raɗe-raɗin tana da ciwo, alhali in ta auri AA ba ɗanta ko ɗaya da zai yi SS. Mai SS ɗin ma in ta auri AA, 'ya'yanta AS za su zama, lafiyarsu lau. Wannan bayani na minti biyu ne, amma takarda ba ta yin sa, sai mutum ya zauna ya yi.

Ga iyayen da ke karanta wannan kuma suna zargin wani abu a gidansu, jaririn da bayan hannunsa da ƙafarsa ke kumbura yana kuka in an taɓa, ko yaron da aka ƙara wa jini fiye da sau ɗaya, ko wanda idonsa ba ya rabuwa da ɗorawa, kada a jira doka. A nemi gwajin jinotaif na yaron da na sauran 'yan ɗakinsu, uban ma a gwada shi tare da uwar a rana ɗaya, a gaban juna. In ya fito SS, a tambayi likita kai tsaye game da fenisilin in bai kai shekara biyar ba, da gwajin TCD daga shekara biyu, da ko ya dace a fara masa haidiroksiyuriya.